Daga Ƙwaya Zuwa Dashe: Yadda Ake Renon Irin Tumatir da Tattasai

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da gonaki, sukan duƙufa a kan wani ɗan fili a gefen gona. A nan ake zuba irin tumatir da tattasai da attarugu, a rene su kafin a kai su fangali. Abin da ya faru a wannan gado cikin mako huɗu shi ke nuna yawan kwandunan da za a ɗiba a Fabrairu. Idan iri bai fito ba, abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne, "Ai irin ne ba shi da kyau." Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau: an binne shi ne da zurfi, ko an shaƙe shi da ruwa, ko an bar shi ya bushe bayan ya riga ya farka. Wanda ya san abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa a kwana goman farko ba zai yi wa irinsa ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙwayar iri abu ne mai rai. Ta tumatir ƙarama ce ainun, har giram ɗaya kan ɗauki ƙwaya kusan 300, amma a cikin kowace akwai ɗan tsiro a nannaɗe, da saiwarsa da ganyensa biyu, ga kuma ɗan guzurin abinci, ɓawo ya lulluɓe su gaba ɗaya. Muddin a bushe take, barci take yi. Abu uku ke tashin ta: ruwa, da iska, da ɗumi. A wannan matakin ba ta bukatar taki, ba ta bukatar rana.

Idan ta samu danshi, cikin 'yan sa'o'i za ta sha ruwa ta kumbura, ɓawon ya yi laushi. Ruwan ne ke motsa sinadaran da ke narkar da guzurin nan su miƙa wa ɗan tsiron. Daga nan numfashinta ke ƙaruwa, kuma iskar da take shaƙa ita ce wadda ke cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ka cika gadon da ruwa har ya yi caɓi, ruwan ya kori iskar nan, irin sai ya ruɓe a inda yake. Abin da ke fara fitowa daga ɓawon shi ne saiwa, 'yar fara siririya, ta nufi ƙasa ko ta wane gefe ƙwayar ta kwanta. A nan ne maganar da na fi so ka riƙe take: da zarar saiwar nan ta leƙo, iri ba ya komawa barci. Busasshen iri yana iya jiran shekaru, amma wanda ya fasa, wuni ɗaya na bushewa ya ishe shi mutuwa. Manomin gero ya san wannan sarai. Idan ya yi binne, aka yi ɗan yayyafi da ya jiƙa irin, sannan ruwa ya ɗauke mako biyu, ya san sai ya sake shuka.

Bayan saiwa ta kama, sai karan ya taso a lanƙwashe, yana tura ƙasa da doronsa, yana janyo ganyen nan biyu a bayansa don kada su goge. Duk wannan tafiya a cikin duhu da guzurinsa yake yin ta. Masara guzurinta mai yawa ne, shi ya sa ko an saka ta zurfin santimita 5 take fitowa da tsininta. Tumatir ba shi da wannan ƙarfin. Ka binne shi da zurfi, abincinsa ya ƙare kafin ya ga haske. Idan kuwa ya fito, sai ya miƙe, ganyen biyu su buɗe, su yi kore, ya fara haɗa abincinsa da kansa daga hasken rana da iska da ruwa. Waɗannan ganye biyu na farko dogaye ne masu santsi, ba su yi kama da ganyen tumatir ba. Ganyen gaskiya, mai tsaga-tsaga da gashi da warin tumatir, sai bayan kamar mako guda yake fitowa a tsakaninsu, kuma shi ake ƙirgawa idan ana lissafin lokacin dashe.

Ɗumin ƙasa shi ke sa iri ya yi sauri ko ya yi nawa. Tumatir ya fi son ƙasa mai zafin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, inda yake fitowa cikin kwana 5 zuwa 8. Idan zafin ya haura 35, kamar yadda buɗaɗɗiyar ƙasa ke yi da tsakar rana a bazara, fitarsa kan lalace. A tsakiyar hunturu kuma sanyin dare ke ja masa baya. Tattasai ya fi tumatir nawa, yakan ɗauki kwana 8 zuwa 14, attarugu kuwa har mako uku yana iya kaiwa. Kada ka tone gadon attarugu a kwana na goma don ka ga shiru.

Gwada iri tun yana hannunka

Kafin ka gyara gado, ka fara sanin ko abin da ke cikin ledarka yana da rai. Ƙirga ƙwaya 100, ba tare da zaɓen masu kyau ba. Jiƙa tsumma mai tsabta na auduga, ka matse shi har ya daina ɗiga, ka jera ƙwayoyin a kai, ka naɗe, ka saka a leda ba tare da ƙulle bakin gam ba, ka ajiye a ɗaki inda rana ba ta bugawa. Kullum ka duba, idan ya fara bushewa ka yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa, ka sake ƙirgawa a mako na biyu. Idan 80 ko fiye suka tsira, irinka na da kyau. Idan tsakanin 60 da 80 ne, ka ƙara yawan abin da za ka zuba. Idan bai kai 60 ba, ni shawarata ka nemi wani, domin irin da ya tsufa ko ya fito ba ya fitowa da ƙarfi. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma kaɗan ne ke yin sa, alhali shi ke raba ka da asarar mako biyu a lokacin da kowane mako ke da tasiri a kan farashin da za ka tarar a kasuwa.

In saye za ka yi, ka saya a ledarsa ko gwangwaninsa a rufe, ka duba ranar da aka ɗura shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, da shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, wato NASC. Irin da ake aunawa da murfin kwalba a tire, yana shan rana tun safe, araharsa ba ta ado. Ka kuma lura da wanda aka rubuta F1 a jikinsa, shi ne iri mai aure. Yana ba da amfani sosai, amma idan ka cire iri daga 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba za su biyo iyayensu ba, za su fito iri-iri. Irin su Roma da UC82B su ne ake iya ajiye irinsu shekara bayan shekara.

Mai son cire nasa ya zaɓi tumatir da ya nuna sosai a jikin uwa mai lafiya, ba ragowar ƙarshen ɗiba ba. Ya matse 'ya'yan da ruwansu a roba, ya bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami. Yauƙin da ke lulluɓe da kowace ƙwaya yana ɗauke da abin da ke hana ta tsira tun tana cikin tumatirin, tsamin nan ne ke cinye shi. Sai ya zuba ruwa ya dama: ƙwayoyi masu nauyi su kwanta, marasa nauyi su taso a zubar. Ya shanya a inuwa mai iska, ba a kan kwano ko siminti mai zafi ba, har sai sun bushe ƙarau. Ajiya kuma a kwalba mai murfi, a wuri mafi sanyi a gidan. Wani masanin iri ɗan Amurka mai suna Harrington ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: duk lokacin da danshin cikin iri ya ragu da kashi 1 cikin 100, ko zafin ma'ajiyarsa ya sauka da digiri 5, tsawon ransa na ninkawa. Irin tumatir da aka adana da kyau yana kai shekara uku zuwa huɗu. Na albasa ba haka yake ba, da ya wuce shekara ɗaya ƙarfinsa ya fara zubewa, shi ya sa manoman albasa daga Aliero har Galmi ke neman irin bana.

Gadon da zuba irin

Ka zaɓi wuri kusa da ruwa, inda rana ke samu tun safe, ba ƙarƙashin bishiya ba. Kada ya zama inda aka noma tumatir ko tattasai ko gauta ko yalo bara, domin dangi ɗaya ne, cututtukansu ɗaya, kuma suna kwana a ƙasa. Daga cikinsu akwai tsutsar da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Dashen da ya ɗauko ta daga gado ya kai ta gonar gaba ɗaya.

Faɗin gadon kada ya wuce mita 1, don hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka ba. Tsawo kuwa gwargwadon bukatarka. Idan da sauran ruwan sama, ka ɗaga gadon kamar santimita 15 don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Idan rani ya kankama kuma ƙasarka jigawa ce, sai ka ɗan zurfafa shi ka yi masa baki don ya riƙe danshi. Ka farfasa hoge har ƙasar ta yi laushi, ka tsince duwatsu da saiwoyi, ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki wanda ya huce ya zama baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Idan laka ta yi yawa, ka ƙara yashi, saboda laka idan ta sha ruwa ta bushe takan yi ɓawo a sama, ɗan tsiron ya zo ya kasa fasa shi.

Dabarar da iyayenmu ke yi ta tara kara da busasshiyar ciyawa a kan gado a cinna wuta tana da tushe: zafin na kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta na saman ƙasa, tokar kuma ta zama taki. A bari ya huce kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba iri. Wanda zai yi reno bayan bazara yana iya jiƙa gadon ya lulluɓe shi da farar leda mai haske, ya danne bakinta da ƙasa, ya bar rana ta dafa shi mako huɗu zuwa shida.

Yawancin mutane yafa iri suke yi. Ni ban goyi bayan haka ba. Yafi na cinye iri, wani wuri ya cunkushe, wani ya zama sanƙo, cire ciyawa kuma ya gagara. Ka ja layuka da ɗan tsinke a gicciye, tsakaninsu santimita 10 zuwa 15, zurfinsu bai wuce santimita 1 ba, wato kamar faɗin farcen ɗan yatsa. Ka gauraya irin da busasshen yashi don ya rarrabu a hannu, ka zuba a hankali, ka rufe da lallausar ƙasa, ka ɗan danna da tafin hannu don ƙwayar ta manne da danshi. Giram 200 zuwa 300 na irin tumatir da ba mai aure ba ya isa dashen hekta guda. Idan irin ya zo da launin ja ko shuɗi, an riga an shafe shi da magani. Guba ne, ka wanke hannu, ka nisanta shi daga yara da kaji. Idan naka ne na gida, kana iya shafa masa maganin iri irin su Apron Star bisa ƙa'idar da ke jikin ledar, yana kare shi daga ruɓewa da kuma ƙwarin ƙasa.

Da ka gama, sai ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya a kai, ba mai kauri ba, ka yi ban-ruwa ta samanta. Ciyawar na hana ƙasa bushewa da yin ɓawo, tana rage zafin rana da sanyin dare, tana kuma hana ruwa tono irin. Ruwan kuwa da bokiti mai rariya a baki, ko gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Kada ka kwarara, kada ka saki ruwan magudana a kai. Safe da yamma, kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda idan ka dunƙula ƙasar za ta haɗu amma ruwa ba zai fito ba.

Daga kwana na huɗu ka riƙa ɗaga ciyawar kowace safiya kana leƙawa. Ranar da ka ga doron tsiro ya fara fasa ƙasa a layi, a ranar za ka kwashe ta, da yamma. Jinkirin kwana biyu a nan yana da tsada: tsiron zai zuƙe yana neman haske, ya yi dogo, fari, siriri, kuma irin wannan ba ya taɓa zama dashe mai ƙwari. A madadin ciyawar, ka kafa 'yar rumfa mai tsayin kamar mita 1, ka yi mata rufi shara-shara da kara ko ganyen kaba yadda rana za ta riƙa ratsawa.

Makonnin reno

Babban abokin gabar gado shi ne cutar ruɓewar wuya. Da yamma ka bar tsiro a tsaye kore shar, da safe ka tarar wani yanki ya kwanta. Idan ka ɗaga ɗaya za ka ga daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke, ya yi ruwa-ruwa. Ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna da ke zaune a ƙasa, kuma abu uku ke ba su dama: ruwa ya yi yawa, tsiro ya cunkushe, inuwa ta yi duhu. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Abin yi shi ne ka cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi ka kai nesa, ka rage ruwa, ka buɗe rumfa iska da rana su shiga. Shi ya sa da zarar tsiro ya fito, ya fi kyau ban-ruwa ya koma na safe, don saman ƙasa ya sha iska kafin dare.

Idan ganyen gaskiya na farko ya fito, ka rage cunkoso, ka bar kamar faɗin yatsu biyu tsakanin tsiro da tsiro. Na san cire tsiro mai rai yana da ciwo ga wanda ya sayi iri da tsada, amma guda ɗari masu kauri sun fi ɗari uku da suka tashi suna ƙwacen haske. Ciyawa kuma da hannu ake tsince ta tun tana ƙarama, bayan ban-ruwa. Idan gadon ya samu ruɓaɓɓen taki, da wuya ya nemi ƙari. In ka ga ganye na yin rawaya bayan mako biyu, ka narkar da ɗan takin NPK, kamar cikin akwatin ashana, a bokitin ban-ruwa, ka zuba, ka bi da ruwa zalla don wanke ganyen. Kada ka watsa yuriya a gado. Ko bai ƙona ba, zai sa tsiron ya yi ganye lub-lub marar juriya.

Akwai ɓarnar da ba a ganin ta sai an kai gona. Farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ke tashi idan ka girgiza ganye, shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta tsumburar da shi, kuma tsiron da ya kamu tun yana gado kusan ba ya yin 'ya'ya. Haka ƙwaron sharon, wanda ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu a 2016, yana iya fara saka ƙwai tun a nan. Maganin da ya fi feshi a wannan matakin shi ne raga mai ƙananan ido: ka lanƙwasa sanduna a kan gadon, ka lulluɓe, ka danne gefuna da ƙasa kada a bar ƙofa. Ragar tana kuma tsare kaji da ƙadangaru da fara.

Masu sayen iri mai aure, wanda kowace ƙwaya kuɗi ce, sun fara komawa ga farantin reno mai gurabe, ƙwaya ɗaya a gurbi ɗaya, a cika shi da garin ɓawon kwakwa ko cakuɗen ruɓaɓɓen taki da ɓuntun shinkafa da aka babbake. Amfaninsa shi ne dashen na fita da ƙasarsa, saiwa ba ta tsinkewa. Sai dai gurbin ƙarami ne, yana bushewa da wuri, don haka yana son mai zama kusa. Uwargida da ke son 'yan tushe ashirin a bayan ɗaki ba ta bukatar wannan duka: tsohuwar roba da aka huda ƙasanta ta wadatar, ƙa'idojin dai su ne waɗannan.

Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganyen gaskiya huɗu ko biyar, tsayinsa kamar santimita 12 zuwa 15, karansa ya yi kauri. Tattasai da attarugu sai mako biyar zuwa bakwai. Albasa, wadda ke fitowa a naɗe biyu kafin ta warware, tana kai mako shida zuwa takwas. Kada ka bar dashe ya tsufa a gado har ya fara fure don gona ba ta shirya ba. Ka lissafa tun farko, ka zuba iri daidai da ranar da fangalinka zai kammala.

Saura mako guda, sai ka fara horar da shi. Ka riƙa rage rufin rumfar kullum har ka cire gaba ɗaya, ka rage ruwa har ya ɗan yi yaushi da rana ya farfaɗo da yamma. Karan zai yi tauri, ganyen ya yi duhu, ya saba da abin da zai tarar a fili. Ranar dashe ka shayar da gadon sosai tun da hantsi, ka jiƙa fangalin shi ma. Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, ka sa ɗan itace ko tsohon cokali ta ƙarƙashi ka ɗago tsiron da ƙasarsa, kada ka fizge shi ta ka. Ka duba saiwar kowane ɗaya: fara mai yawan gashi ita ake so, mai ƙulu-ƙulu ko baƙa a jefar, haka mai nannaɗaɗɗen ganye. Ka ciro iya abin da za ka dasa cikin sa'a guda, ka ajiye a inuwa da jiƙaƙƙen buhu a kai. Tumatir ana iya nutsa shi har kusa da ganyensa biyu na farko, domin karansa na fitar da sabuwar saiwa, amma tattasai a tsaya daidai inda ƙasa ta kai masa a gado. Ka danne ƙasar a gindinsa, ka ba shi ruwa nan take. Ka kuma bar kamar kashi ɗaya cikin goma a gadon kana ci gaba da shayar da su, don cike gurbin waɗanda ba su kama ba a makon farko.